Gajeriyar Likkafa

Ina da wani ɗan aibi: ba na tambayar shekarun yaro. In an kawo shi shagona, ƙafarsa kawai nake aunawa, in yanka igiyar likkafa daidai tsawonta. Shekara ashirin da biyar ina ɗinkin sirdi haka, ni da ban taɓa wuce bakin layinmu a kan doki ba.

Ran nan Likita ta shigo, ta dire wani ƙaramin sirdi a kan teburina. Ita ce mai duba dawakai a tseren dogon zango, kuma ita nake nema da aure, da furfurata da tumbina.

"Ka san wannan?"

Na juya shi. Ɗinkina ne, har da ƙullin nan biyu da nake yi a ƙarshe.

"Na ƙanena ne," ta ce. "Shekararsa tara. Zango uku ya yi, a kowanne an saurari zuciyar dokin, an ce lafiya lau. Ba wanda ya dubi yaron. A zango na huɗu rana ta ci ƙarfinsa... dokin ya iso shi kaɗai."

Na mayar da sirdin kan tebur.

"Jiya Mama ta gane ɗinkin a jakar da ka kai mata. Ta ce ba za ta ba ka ni ba."

"Likitata..."

"Kar ka kira ni haka yau. Na ga sunan Autarka a jerin masu hawa ranar Asabar."

Auta 'yata ce, ita kaɗai marigayiya matata ta bar min. Shekara takwas, bakin 'yar arba'in.

"Ta iya doki fiye da manya," na ce.

"Shi ma ya iya. Ka san me ya sa nake tsayawa a zangon ƙarshe? Duk dokin da ya ɓullo daga nesa, ba dokin nake fara kallo ba. Samansa nake dubawa. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ba zan tsaya ina duba saman na Auta ba."

Ta fita ta bar sirdin. Likkafar ta daɗe tana lilo a gefen tebur, ko iska babu.

Da yamma na gaya wa Auta na cire sunanta.

"Baba, saboda budurwarka?"

"Saboda tsoro."

"Kai dama ko jaki tsoronsa kake."

Kwana goma ba ta yi min magana ba. Ni kuwa na ɗauki ƙaramin sirdin na tafi wajen Mama, na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Na ce ni na yanka igiyar, ban tambayi komai ba. Ta daɗe tana shafa fatar.

"Ka auna shi da hannunka?"

"Na auna."

"Ya yi dariya?"

"Ya ce ina masa cakulkuli."

Sai ta yi kuka, ta ce in tashi.

An ɗaura aure bayan wata biyu. Auta ta huce, yanzu ita ke riƙe wa Likita jaka a zango. Sirdin yana rataye a ɗakinmu, ba mai taɓa shi.

A makon nan na ɗinka ƙananan sirdi uku. Na 'ya'yan wasu ne.