Wayar da Aka Kashe a Filin Golf

"Ba ni wayar nan, Ikrima."

"Hadiyya, kin san Baba na kwance a Zango. Idan ƙanwata ta kira fa?"

"Haba masoyina! Abba ya tsani ƙarar waya in yana saita ƙwallo. Yau fa zai yanke maganar aurenmu... don Allah."

Ikrima ya kalli idanunta, ya miƙa mata. Ta kashe wayar ta jefa a jaka.

Filin na wani wurin shaƙatawar masu hannu da shuni ne a bayan Daura. Ciyawa koriya shar da rani tsaka, ana yi mata feshin ruwa, alhali shanun garinsu Ikrima kara suke tauna. Alhaji Sha'aban, mahaifin Hadiyya, a nan yake auna hankalin mutum.

Tun hantsi suke bin ƙwallo rami bayan rami. Ikrima ya kai duka ya tono ƙasa, ya sake ya jefa ƙwallon cikin tafki. Alhaji na dariya, shi ma yana yaƙe.

Sai bayan azahar suka gama. Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Wasa kam ba ka iya ba, amma kana da haƙuri. Ka turo magabatanka."

Hadiyya ta rufe baki don murna, ta miƙo masa wayar. Yana kunnawa kiran ƙanwarsa Siddiƙa ya shigo.

"Yaya! Ina ka shiga? Baba ya cika tun da hantsi..."

"Innalillahi... Ga ni nan! Ku jira ni!"

"An jira, Yaya. Liman ya ce ba a barin gawa cikin zafin nan. Har sun dawo."

"Wa ya sa shi a kabari?"

"Maƙwabta."

Ikrima shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu. Daga filin zuwa Zango kuwa babu nisa, ɗan acaɓa ba ya ko gajiya.

Hadiyya ta durƙushe tana kuka. "Ka yafe min, Ikrima... wallahi ban sani ba!"

"Na sani."

Ya ajiye sandar buga ƙwallon a kan ciyawa, hawaye na zuba. Har yanzu yana son ta, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"Ki gaya wa Abbanki, magabacin da zan turo an rufe shi ɗazu."

Ya juya ya nufi bakin titi.