Hular Kwanon Mai Girman Kai

Ranar da Auta ya fara ganinta, ba ita ya zo nema ba, hular kwano ya zo saye.

Shekaru ya yi yana hawa tsani yana ɗaura wa mutane na'urar sanyaya ɗaki, yana hana cikinsa daɗi, har Allah Ya cika masa burinsa ya sayi babban babur irin na tsere, baƙi wuluk, wanda in ya yi ruri tagogi ke amsawa. Da aka sauke shi a gida, Inna ta kewaya shi, ta zare makullin ta ƙulle a bakin zani. Ta ce ba ta haifi auta don ta tsince shi a kwalta ba, sai ya suturta jikinsa daga kai har ƙafa sannan a yi magana.

Shi ya kai shi shagon kayan masu babur. Ƙamshin sabuwar fata ya tare shi tun daga ƙofa, ga huluna jere a kan kanta. Wata yarinya na tsaye a kan kujera tana goge musu gilashi, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ƙanwar mai shagon ce. Ya nuna wata baƙa mai jan layi ya ce ita yake so. Ta ce nan ba a sayen hula da yatsa, ya zauna a auna shi.

To, Auta yana da suma. Tun da ya gama makaranta almakashi bai taɓa ta ba sai gyaran gefe, kullum da mai da mataji. Yarinyar ta zagaya tef ɗin ta saman girarsa, ta danna sumar, sumar ta taso. Ta duba awon, ta sake dubawa. Ta ɗauko hular da ta fi kowacce girma, hula ta zo kan kunnuwa ta ce nan ta tsaya.

“Malam, kana da girman kai,” ta ce.

“Yau fa muka fara haɗuwa.”

“A awo nake nufi. Halinka ban sani ba tukuna.”

Yayanta da ke bayan kanta ya yi dariya har da tari, kuma daga ranar sunan Mai Girman Kai ya bi Auta a shagon.

Ta yi masa bayani a natse. Hular kirki sai ta kama kumatu, in an girgiza kai kada ta yi rawa, kuma kada ta matse goshi. Zaɓi biyu gare shi: ko ya aske sumar babbar ta shige shi yau, ko a yi masa odar ta musamman ya jira. Auta ya shafa kansa ya ce zai jira. Ya sayi rigar fata da wandonta, da safar hannu, da takalmi mai dogon wuya, sannan ya karɓi lambarta, wai don a sanar da shi in kaya sun iso.

Jira kuwa ya jira. Babur na tsakar gida, kullum da safe ya wanke shi, da rana Inna ta shanya tsumman kicin a kan madubinsa. Abokai suka sa masa suna mai babur a ƙafa. Ya je shago a ce kaya na hanya, ya koma a ce an aiko da wadda ba ita ba an mayar. Sai dai duk zuwan da zai yi cikin fushi, in ya fito sai ya tarar fushin ya ragu, ya rasa dalili. Waya ce ta fara tona masa asiri.

“Mai Awo, hulata ta iso?”

“Ba ta iso ba. Jiya ma ka tambaya.”

“To ke kin isa gida lafiya?”

“Wannan ba ta cikin aikin shago. Amma na isa, Babban Kai.”

“In na ce ba hular ce ke hana ni barci ba fa?”

“Sai in ce ka daɗe ba ka gane ba. Ni tun ranar awo na gane.”

Haka so ya kama su, ba hayaniya. Amma ba Auta kaɗai ke da ido ba. Akwai abokin yayanta, mai farar mota, wanda kan tsaya a ƙofar gidansu fes-fes, ya fito ya gai da mahaifinta da ladabi kamar a zuba a kwalba. Yayan kuwa shi yake so. Saboda haka da ta ce lokaci ya yi da Auta zai zo ya gai da Baba, sai zuciya ta ce masa ba zai sauka daga motar haya yana warin gumi ba, alhali wancan na fitowa daga sanyi. Da baburinsa zai je.

Nan shaiɗanin gaggawa ya same shi. Ya je wurin wani mai kasa kaya a bakin titi, ya sami wata hula mai baƙin gilashi, ya lanƙwashe kunnuwa, mai kayan ya danna da hannu biyu har ta faɗa. Ya ce masa sabuwa ce, za ta saki. Inna ta gan shi a rufe ruf, ta kwance makulli ba da son ranta ba.

Kwanaki ya yi yana koyo a wani fili bayan ɗakunan ajiya. Ashe ƙaramin babur da ya saba da shi wasan yara ne. Ya saki kuloci da wuri injin ya mutu, ya murɗa totur kaɗan abu ya zabura kamar zai bar shi a baya. Sau ɗaya ma a tsaye ya faɗi da shi, sai da masu dako suka taimaka aka ɗaga. Duk wannan kansa na sara, goshi na zafi, in ya dawo sai ya ɓuya a ɗaki ya yi ta kokawa kafin hular ta fita. Bai faɗa wa Mai Awo ba, don ya san abin da za ta ce.

Ranar gaisuwa, da la'asar, Baba na zaune a ƙofar gida a kujerarsa ta naɗewa yana sauraren rediyo. Mai aski ne, ranar hutunsa ce. Auta ya shigo layin da ruri, ya taka burki, ya kafe babur ya sauko. Sai ya kai hannu zai cire hula.

Hula ta ce ba ta san wannan magana ba.

Rana ta dafa shi a hanya, kai ya kumbura, gumi ya manne soson ciki. Ya laluba maɗauri, safar hannu ta hana shi kamawa. Ya ja sama, ya ji kamar kunnuwansa za su tafi tare da ita. Ya so ɗaga gilashi, gilashi ya cije. Ya yi sallama daga ciki, abin da ya fito kamar mutum na magana a cikin tulu. Ya so russunawa, sabon wandon fata ya ƙi lanƙwasuwa. Da ruɗewa ta yi masa yawa, sai kawai ya miƙa wa dattijo hannu, da safa da komai.

Baba ya dubi hannun. Ya dubi baƙin gilashin da babu fuska a cikinsa sai tasa. Ya kashe rediyo, ya naɗe kujera, ya shige gida ya turo ƙofa.

A gida sai da Inna ta sa man gyaɗa da ruwan sabulu, ta dafe kafaɗarsa da gwiwa, sannan hular ta fito da fatar goshi.  Kafin ya gama wanke fuska saƙo ya shigo.

“Baba ya ce kada ka sake zuwa. Ashe Yaya ya riga ya faɗa masa a shago Mai Girman Kai ake ce maka, bai faɗi dalili ba. Na yi bayani, ya ce so ne ya rufe min ido. Wai tun da yake taɓa kawunan mutane bai ga hular da ta ƙi fita ba, sai dai mai ita ya ƙi cirewa.”

“Wallahi ƙin fita ta yi, Mai Awona.”

“Na sani. Wa ya auna ka?”

“Ba a auna ni ba.”

“Shi ya fi ɓata min rai. Ka gwammace ka sa kanka a kwanon da ko faɗuwa ɗaya ba zai ɗauka ba, da ka ji maganata.”

Daga nan waya ta yi shiru. Ya kira ba a ɗauka, ya je shago yayan ya ce ta fita, yana murmushin da Auta ya so ya goge masa da takalmi mai dogon wuya. Sai kuma labari ya iso cewa mai farar mota na shirin turo manyansa.

Auta ya zauna a tsakar gida kusa da babur yana rabon laifi. Yayanta munafuki ne, mai kasa kaya maƙaryaci ne, masu oda ba su san aikinsu ba, dattijo kuma ya yanke hukunci bai ji ba'asi ba. Inna na tsintar wake tana ji. Da ya gama, ta ce ta lura kowa ya sami kasonsa sai wannan dajin da ke kansa. Ta ce yarinyar nan ta faɗa masa gaskiya tun ranar farko, kuma ko da a awo take nufi, maganar ta faɗi daidai ta kowane gefe.

Ya kwana yana jin haushin Inna, ya tashi yana jin haushin kansa. Da hantsi ya sa tsohuwar rigarsa, ya taka da ƙafa har shagon askin Baba.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, madubi ɗaya dogo, kujera mai juyawa da aka ɗaure hannunta da waya, benci a jikin bango. Auta ya yi sallama ya bi layi. Baba ya amsa da fara'a, don kun tuna, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Da aka zo kansa, ya zauna aka yafa masa ƙyalle, ya ce a kwashe duka.

Baba ya nutsa yatsu cikin sumar, ya ce wannan ai noman shekaru ne, ya tabbata? Auta ya ce ya tabbata. Aka ce ya sunkuyar da kai, ya sunkuyar. Inji ya fara kuka, gashi na zuba a cinyarsa dunƙule-dunƙule, shi kuwa ya rufe ido don kada ya gani.

An kai rabi sai Baba ya ga ɓawon ciwo a goshi, da saɓar fata a bayan kunnuwa duka biyu. Ya tambayi abin da ya cije shi haka.

“Hular kwano ce, Baba. Ta yi min kaɗan, na sa ta da ƙarfi. Na je gai da wani dattijo da nake neman 'yarsa, ta ƙi fita.”

Inji ya yi shiru. Masu jira a benci suka ɗago kai. A madubi Auta ya ga kansa, rabi daji rabi fili, ga dattijo tsaye a bayansa.

“Ni ne, Baba. Na zo ka ga fuskata, ka yafe min.”

 Baba ya danna masa kai ƙasa, dannawar da ta fi ƙarfin aski, ya kunna inji ya ci gaba. Ya gama, ya ɗauko reza ya gyara ƙeya a hankali, Auta ko haɗiyar yawu bai yi ba. Sannan ya ɗora tafukansa biyu a gefen kan, kamar mai tayin kankana.

“Kan dai akwai shi,” ya ce. “Wa ya ce ka aske?”

“Ita. Tun ranar da na fara zuwa shagon yayanta.”

“Sai yau ka ji?”

“Sai yau, Baba.”

“To ashe yayanta bai yi maka ƙarya duka ba.”

Ya jiƙa auduga da maganin bayan aski ya manna a kan ciwon, ya riƙe har idon Auta ya kawo ruwa. Yana kakkaɓe ƙyalle ya ce, ba tare da ya dube shi ba, ya turo manyansa su zo a ga juna, fuska a buɗe. Kuma 'yarsa ba za ta hau bayan wannan abin ba sai ranar da ita da bakinta ta ce ya iya.

Daga nan shagon su Mai Awo Auta ya nufa. Tana ganin ƙwalƙwal ɗin kan da kunnuwa a waje ta juya masa baya, kafaɗunta na rawa. Da ta gama dariyarta ta ɗauko babbar hular, ta sa masa, ta shige sumul. Ta ɗaure maɗauri, ta kama haɓar ta girgiza, ba ta motsa ba.

“Ina ke maka ciwo?”

“Ko'ina ya daina, Mai Awona.”

“To cire da kanka in gani.”

Ya cire. Ta ce yanzu ta yarda ta sayar masa.

Mai farar mota ya ji labari ya janye da mutuncinsa, yayan ya yi 'yan kumbure-kumburensa ya sauka. Ba a ja lokaci ba aka sa rana. Ranar aure gida ya cika, babur na gefe an lulluɓe shi don kada yara su hau. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa su a gaba ya yi musu nasiha gajeriya, ya rufe da cewa Allah Ya haɗa kansu.

Inna daga cikin mata ta ce amin, amma in za a haɗa kan wani da na ɗanta, sai a nema musu ɗaki mai faɗi. Aka kwashe da dariya, har amarya a cikin mayafi, har Baba da ke share ido.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya tsare su a hanya da gida. In 'ya'ya sun zo kuma, Allah Ya sa su ɗauko kan uwarsu.