Tabon Fuskar Indo

Na'Allah bai ko cire takalmi ba, mahaifiyarsa Hajiya ta jefo wani gwangwanin man shafawa a gabansa.

"Shiga ka ga abin da masoyiyarka ta yi wa ɗiyata."

Ya leƙa ɗaki. Ƙanwarsa Indo na zaune ta juya wa ƙofa baya. Ta waiwayo. Kumatunta da goshinta sun yi ja, sun ɗuri ruwa kamar an watsa mata tafasasshen mai. Ga bikinta saura 'yan makonni.

Masoyiyar tasa Gimbiya ce ta haɗa man. Tun da ta gama karatun kimiyya a Kaura Namoda ta mai da wani ɗaki a gidansu wurin gwaji, tana neman man shafawa na gida da zai raba 'yan'uwanta mata da mayukan bilicin. Na'Allah direban bas ne, yana jigila tsakanin Shinkafi, Zurmi da Kaura, kuma shi ke kawo mata man kaɗe da na aduwa daga kasuwannin ƙauye. A nan soyayya ta shiga, har manya suka fara magana. Wannan gwangwanin kuwa kyauta ta aiko wa amarya.

Hajiya ta ce muddin tana numfashi ba za a kawo mata yarinyar nan gida ba, kuma in ya sake taka ƙofarsu bai nemi albarkarta ba. Bai yi musu ba. Da wane baki zai yi, alhali shi ya ɗauko man da hannunsa?

Kullum sai ya bi ta bakin layin su Gimbiya in ya sauke fasinjojin jirgin ƙasa, ya rage gudu, ya wuce. Ya rame, har abokan tasha suka daina tsokanarsa.

Ranar da ya kai Indo asibitin Kaura a duba ƙunar, suna fitowa ta ce ya kai ta wurin Gimbiya, tana da magana da ita. Ya tuna mata rantsuwar Hajiya. Ta ce shi aka hana shiga, sai ya tsaya daga waje.

Gimbiya ta fito zaure da ido a kumbure. Indo ta yaye gyalenta, ta zazzage mata duk abin da ke ranta. Gimbiya ba ta katse ta ba. Sai da ta gama, sannan ta naɗe hannun rigarta.

Daga inda yake tsaye Na'Allah ya hango. Ƙuna ce a damtsenta, sabuwa, irin ta Indo sak.

Ta bayyana cewa tun da labari ya iso ta take gwada kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya a jikinta: man kaɗe, man aduwa, kakin zuma, da man ɓawon lemun tsami da ta sa don ƙamshi. Babu wanda ya yi mata komai, sai ranar da ta fita shanya da tsakar rana. Wurin da ta shafa na lemun kaɗai ya tashi. Watannin da ta yi tana gwaji duk a inuwar ɗaki ta yi su, Indo kuwa ta shafa ne ta shiga rana rabon goron biki.

"Laifina ne, Indo. Ban gama bincike ba na ba ki..."

"Tabon zai tafi kafin biki?"

"Ba zai tafi ba. Sai ya ɗauki watanni. Ba zan yi maki ƙarya ba."

Indo ta fashe da kuka, Gimbiya ma haka. Gimbiya ta roƙe ta ta bi maganin likita, ta guji rana, kada kuma ta bari wani ya ba ta man bilicin don ɓoye tabon. Da za su tafi ta dubi Na'Allah sau ɗaya, ta ce ya bi maganar mahaifiyarsa, ita ba ta riƙe shi da komai ba.

"Sanyin idona..." ya fara, amma ta riga ta shige gida.

Suka shiga mota, suka koma Shinkafi.

Aka yi biki da tabo a fuskar amarya. Ango, Mudi, wani malamin firamare a Zurmi, ya aiko cewa shi Indo yake so, kada a ɗaga masa rana. Da za a kai amarya, aka shigo da ita ta yi bankwana da mahaifiyarta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafafun Hajiya a gaban 'yan'uwa.

"Inna, ki yafe mani. Kuma ki yafe wa Gimbiya. Ni aka ƙona, na yafe. Ban tashi nan sai kin ce kin haƙura."

Motar amarya na jira a waje. Hajiya ta daɗe tana kallon fuskar 'yarta, hawaye na bin kumatunta.

"Tashi, wagga ɗiya," ta ce a hankali. "Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Na'Allah na bakin ƙofa. Duk abin da aka faɗa a kunnensa.

Gimbiya ta cire man lemun, ta sake haɗin daga farko. Indo ce ta fara miƙa hannunta a gwada, ta kuma tara mata matan Zurmi masu wuni a gona, kowacce a ɗiga mata kaɗan a damtse a jira a gani. Sai da damina ta wuce kafin Gimbiya ta yarda man ya fita daga gida.

Bayan girbi aka ɗaura auren Na'Allah da Gimbiya. Tabon Indo ya dushe, saura ɗan duhu a gefen goshi wanda bai taɓa tafiya ba. Da yammar ranar Na'Allah ya same ta tana jera kayan ɗakin amarya. Ya shirya kalaman godiya tun safe, amma da ya tsaya a gabanta duk suka gudu, sai idanunsa suka cika.

Indo ta yi murmushi, ta ci gaba da goge kwano.

"Ka riƙe ta da kyau, Yaya. Da fuskata na biya maka sadakinta."