Sunan da Hansai Ta Daina Kira

Ranar kasuwar Maska ce, a zamanin da ayarin fatake ke ratsa garin da jakuna zuwa Zazzau. Sanda masaƙi ya ɗaga kai daga zannuwan da ya baza, ya ga wata 'yar Fulani tana sauke ƙwaryar nono a inuwar tsamiyar da ke gefensa. Ta dube shi, ta sake dubawa, don fuskarsa ta a duba sau biyu ce. Fari ne mai dogon hanci irin na mutanen ruga, amma kumatunsa na ɗauke da tsagar Hausawan Gozaki.

"Kai kuma ɗan ina ne?" ta tambaya tana murmushi.

"Ya danganta da wanda kika tambaya, 'yar ruga. Sunana dai Sanda."

"Ni Hansai. Sanda, matsar da zanenka kada nono ya ɓata shi."

Gaskiya ya faɗa mata. Ubansa Hussaini makiyayi ne, ya rasu kafin ranar suna, sai dangin uwarsa Tasalla suka kira wanzami ya yi masa tsagar gidansu. A Gozaki ana ce masa ɗan Fulani, a ruga ana ce masa Kaɗo, 'yan kasuwa kuma suka hutar da kansu suka ce ruwa biyu. Ya iya dariya in an faɗa, amma kalmar tana yi masa ciwo.

Daga ranar kowace kasuwa sai ya ji muryarta tun daga nesa: "Sanda, ka tare mini inuwa?" Shi kuwa ya ce, "Inuwar ma taki ce, mai inuwar ma naki ne." Ta kan dama masa fura ta ƙara man shanu a kai, shi kuma ya saƙa mata farin zane mai baƙin baki. Ran da ya miƙa mata ya ce zai aika wurin ubanta Buba, ta rungume zanen ta sunkuyar da kai.

Ba shi da dangin uba a kusa, sai ya aiki amininsa Mudi da goro. Mudi Bafulatanin gida ne, kakanninsa sun daɗe da barin shanu, ko gaisuwa bai iya da Fulatanci ba, amma yana iya jero asalinsa har ya gaji mai sauraro. Tare suka yi karatun allo, kwano ɗaya suke ci. Ashe kura ya ba ajiyar nama.

Mudi ya dawo yana girgiza kai. "Abokina, ka haƙura. Buba ya ce ba ya ba ruwa biyu 'yarsa. Ita ma yarinyar ba ta musa ba."

Sanda bai yarda ba sai da kasuwa ta zagayo. Hansai ta zo, ta hango shi, ta ja mayafi ta wuce can bayan masu daddawa ta zauna. Ya bi ta har wurin, a gaban sauran 'yan matan ruga ya tsaya.

"Hansai, yau ba ki san ni ba?"

Ƙawayenta suka ce, "Wane ne wannan, Hansai?" Ta rufe fuska ta ce, "Ban san shi ba."

Yana nan tsaye sai ga Mudi cikin sabuwar riga. Ta buɗe baki ta ce, "Mudi, ga nono in za ka saya." A wurin ya ji wata mai daddawa tana gaya wa 'yar'uwarta cewa ai Mudi wa kansa ya kai goron, shi ne ma ya fara ce wa Buba nonon da aka yi wa ruwa ba ya man shanu.

Sanda ya naɗe kayansa ya koma gida tun rana na tsaka. Cin amanar Mudi ya ƙona shi, amma bai kai na Hansai ba. Sunan da ta saba kira tun daga bakin kasuwa shi ne yau ya fi ƙarfin bakinta, ga na Mudi kuwa yana fita sumul. Ya daina zuwa kasuwa, ya bar zare ya yi ƙura a masaƙa. Tasalla ta ce, "Ɗan nan, ko ni ce na jawo maka?" Wannan tambaya ta fi komai yi masa zafi.

Wata hantsi sai ga tsohuwa da sanda tana sallama. Inno ce, kakar Hansai. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka sa jikata ta rame kamar saniyar rani?"

"Inno, ita ta ce ba ta san ni ba. Sunana ma ta ƙi kira, amma ta kira na Mudi."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Kai, ɗan Hussaini! Hancin ka gado, kunyar ba a koya maka ba. Matar Bahaushe sai an ɗaura aure take daina kiran sunan miji. Tamu tun ranar da ta ɗauke shi miji a ranta bakinta ke rufewa. Wanda ta kira sunansa a kasuwa mai sayen nono ne kawai. Tashi ka je da ƙafarka."

Ya je. Ya tarar da Buba a gindin gawo, Mudi kuma na gefe a kan buzu, ya kasa haɗa ido da Sanda. Bayan gaisuwa Buba ya ce, "Na san Hussaini, mutumin kirki ne. In ka bar Gozaki da mutanenta ka dawo cikinmu, sai mu manta da tsagar nan. Kai namu ne ko nasu?"

Sanda ya san abin da amsar za ta iya jawo masa. Ya ce, "Baffa, ina son 'yarka kamar raina. Amma tsagar nan ta matar da ta goya ni ce. Ni ɗan Hussaini ne, ni ɗan Tasalla ne, ba zan sauke ɗaya don in ɗauki aure ba."

Buba ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Can ya ce, "Wanda bai sayar da uwarsa don mace ba ya fi wanda ya sayar da abokinsa. A kira yarinyar."

Hansai ta zo ta durƙusa a bayan Inno, sanye da farin zane mai baƙin baki.

"Sanda ko Mudi?" in ji ubanta.

Da ƙyar aka ji muryarta. "Mudi dai a'a."

"To wa?"

Ta cusa fuska a bayan kakarta. Matan ruga suka ɗauki guɗa, Mudi ya naɗe buzunsa ya kama hanya ba sallama.

Da kaka aka ɗaura aure. Mutanen Gozaki suka zo da damman gero, mutanen ruga da ƙoren nono, liman ya yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, kowa ya shafa. Washegari da safe ta kawo masa fura, ya riƙe hannunta.

"'Yar ruga, sau ɗaya dai, kira sunana in ji."

"Har abada."

"To da me za ki riƙa kirana?"

Ta ɗaga kai ta dubi tsagar kumatunsa. "A kiwo, in rani ya tsananta, inda rafi biyu suka haɗu muke kai shanu, don nan ne ba ya ƙafewa. Sha furarka, Ruwa Biyu."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗin sunan nan ba sai ranar.