Lungun Bayan Murhu

Bayan la'asar muka isa ƙauyen, can ƙarshen kwarin Bartang, ni da abokina Daulatsho direba, cikin tsohuwar jif ɗinsa mai tari kamar mai asma. Hoto ɗaya na je ɗauka, in koma garinmu Khorog in kwana a gadona.

Sunana Shodibek. Ɗaukar hoto ce sana'ata, kuma ba na ƙarƙashin uban kowa. Ba wanda ya koya mini. Na yi ta ɓata hotuna ne har hannuna ya faɗa. Ba na tsayawa inda motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa. Inda hanya ta ƙare, nan aikina ke farawa.

Abin da ya sa ake nemana shi ne hoto mai hawa uku. Kyamara ba ido ba ce. In ta kama haske, duhu ya kuɓuce mata. In ta bi duhu, hasken ya ƙone fari fat. Sai ka kafa ta a kan ƙafafunta, ka ɗauki wuri guda sau uku: ɗaya don haske, ɗaya tsaka-tsaki, na ƙarshe ka bar idonta a buɗe ya daɗe yana shan duhu. In ka haɗa su, komai ya fito, har saƙar gizo-gizo. Sharaɗin kawai, kada komai ya motsa. Haka masu mujallun ƙetare suke so. Suna zaune a ofis, suna son ganin ɗakin talaka babu inuwa ko ɗaya, kamar an tuɓe shi.

Gidan da na zo dominsa na kakannin Gulbegim ne, goggon Daulatsho. Yana kan tudu, ba kowa a ciki tun da girgizar ƙasa ta koro mutane gangare. Mun same ta tana shanya 'ya'yan itace a kan rufin gidanta na gangare. Ta sauko, ta zuba mana shayi mai gishiri da man shanu.

"Sha tukuna, ɗan nan. Ka shigo kamar wanda ake bi."

"Goggo, rana nake bi. In ta faɗa bayan dutse, tafiyar ta tashi a banza."

"Ƙyale shi, Goggo," in ji Daulatsho. "Wannan ko ranar jana'izarsa sai ya ɗago ya ce a gyara masa haske."

"Kai kuwa a taka," na ce, "tura motar za a yi har maƙabarta."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini makulli da busasshen ganyen turare.

"Ka turara a bakin ƙofa, ka yi sallama. Ka ɗauki abin da rana ta nuna maka. Amma lungun bayan murhu, kada ka haska shi. Da kakanninmu suka zo gini, sun tarar da masu wurin. Aka yi rabo: haske namu, wannan duhun nasu. Ko fitila ba mu taɓa kaiwa can ba."

"In an haska fa?"

"A ido suke ramawa."

Idon mai hoto kuwa shi ne gonarsa. Na ce, "Kwantar da hankalinki, Goggo. Ba na aiki da fitila. Ko ashana ba zan ƙyasta a ciki ba."

Gaskiya na faɗa mata. Ta kuwa yarda. Ina za ta san akwai abin da ke buɗe duhu ba tare da wuta ba?

Daulatsho ya ce shi zai tsaya gadin tayoyi, kada awaki su cinye. Matsoraci. Na haura ni kaɗai.

Na turara ganyen. Na yi sallama. Duk abin da aka ce in yi, na yi, wannan a rubuta.

Ɗakin na warin tsohon hayaƙi da ulun da ya sha ƙura. Ginshiƙai biyar, baƙi ƙirin. Daga tagar rufi, haske ya sauko miƙe kamar sanda, ya tsaya a tsakar ɗaki. Bayan murhu kuwa duhu ne mai kauri, har kana jin za ka iya yankarsa. Wallahi ban taɓa ganin ɗakin da ya dace da aikina haka ba.

Na kafa kyamara. Daga ƙasa ina jin rurin kogi.

Na farko. Ƙyas.

Na biyu. Ƙyas.

Na uku. Idon kyamarar ya buɗe, ya tsaya a buɗe. Na ɗauke hannuna, na riƙe numfashi. Ƙasan katako ne, ko ƙafa na gyara hoton ya lalace.

Sai kogin ya yi shiru.

Wani ƙamshi ya taso, na madara mai ɗumi. A gidan da aka daɗe ba a hura wuta ba.

Wani abu ya ja jiki a lungun, kamar an janye tabarma. Jariri ya fara kuka, aka toshe masa baki.

"Rufe," aka ce, ƙasa-ƙasa.

Muryar tsoho ce. Ba faɗa a cikinta. Roƙo ne.

"Rufe idon nan, baƙo. Akwai mata."

Tafin hannu kawai zan ɗora a kan gilashin. Amma rana ta riga ta taɓa bakin dutse, ba zan samu wata damar ba. Tafiyar yini guda, ƙugu kamar an daka.

"Saura kaɗan," na ce da raɗa.

Ƙyas.

Allon kyamarar ya kawo hoton da kansa.

Lungun ba lungu ba ne. Ya yi zurfi, ya wuce bangon gidan. Cike yake da mutane, a takure, dogayen yatsu a kan fuskoki. Mata sun juya baya, suna danne 'ya'yansu a ƙirji, kamar waɗanda aka faɗo wa a wanka. Tsoho ɗaya ne bai rufe fuska ba.

A hoton yana zaune.

Numfashinsa kuwa a kunnena yake.

"Ka kwashe mana duhunmu."

Yatsu biyu masu sanyin ƙanƙara suka sauka a kan fatar idanuna.

"To, mu ma."

Ban san yadda na fita ba. Goshina ya daki saman ƙofa. Na gangaro da duwawu, kyamara na jan ƙasa, har na faɗa jikin Daulatsho.

"Idona! Duba mini idona!"

Ya riƙe haɓata, ya leƙa. "Suna nan guda biyu, munana kamar kullum. Kai, sakar mini riga!"

Ina gani. Dutse, mota, gashin hancinsa, komai tar. Na yi dariya har da hawaye. Na ajiye wa Goggo makullinta a kan dakali, ko sallama ban tsaya yi ba.

Mun yi nisa a hanya sai na ga ya kunna fitilun mota, ya duƙa yana lalube kamar makaho.

"Kashe mana, za ka cinye batir. Me kake haskawa da rana tsaka?"

Ya taka birki. Ya daɗe yana kallona.

"Shodibek," ya ce a hankali, "an fa yi isha."

Tun daga ranar ban sake ganin duhu ba. In na rufe ido, fari fat. In na ɗaure da rawani, haka. Barcina suma ne na gajiya, ba hutu ba. Likitocin babban birni, Dushanbe, sun ce idona lafiya lau, har wani ya ce yana yi mini hassada. Saura ƙiris in mare shi.

Na goge hoton, na koma da tunkiya da turare. Goggo ta tare ni a bakin ƙofa, ba ta ce in zauna ba.

"Wa za ka ba haƙuri? Sun tashi. Wa ke zama inda aka ga tsiraicinsa?"

Sana'a kuma ta mutu. Wanda ba ya ganin inuwa ba ya sanin inda haske yake, duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar farar katanga. Masu mujallar da na yi dominsu sun samu wani yaron, ko gaisuwa babu. Gidajen mutane ma na daina shiga, don ƙarƙashin kowane gado, bayan kowace randa, akwai masu zama, kuma da na shigo sai su rufe fuska.

Kullum matata takan kashe fitila, ta ja bargo, ta ce mini sai da safe. Nakan amsa mata, don kada ta ji ba daɗi. Amma ni, tun ranar nan, magariba ba ta yi ba.