Jar Wutar Motar Rabi'atu

"Ashe haka za ka yi mini, Malam Ndagi?"

Rabi'atu ta tsaya a bakin garejin, idanunta sun kaɗa sun yi ja. A bayanta ga akori-kurarta maƙare da doya, wata tifa ce ta jawo ta tun daga Gwada har cikin Minna.

Ndagi ya ajiye wayar wutar da yake ferewa, ya miƙe.

"Maman Kyauta, lafiya?"

"Ina fa lafiya? Shekaranjiya ka ce ka gyara cajin motar nan. Yau ina baro Kuta jar wutar batir ta kama. Kafin in kai Gwada ko ham ba ta yi... ta mutu murus a tsakiyar titi."



Motar nan ita kaɗai marigayi mijinta ya bar mata, da ita take jigilar doya zuwa kasuwa tana ciyar da 'yarta Kyauta. Shi kuwa Ndagi mai gyaran wutar mota ne, kuma shi ne mutumin da ya fito yana neman aurenta, dangin mijinta suka ce ba su san zancen ba. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan ƙin shi ne Sanda, wan marigayin.

"Tun jiya Yaya Sanda yake faɗa mini, na ƙi ji," ta ce. "Ya ce altaneta mai kyau, mai cajin batir, ka cire ka sa mini matacciya. Ya ce motar kake so, ba ni ba."

Ndagi ya nufi motar. Ya ɗaga bonet.

"Zo ki tsaya kusa da ni. Komai a gaban idonki zan yi."

Ta matso tana huci.

Ya girgiza kawunan batir, suna nan daram, babu tsatsa. Ya danna bel ɗin fanka da babban yatsa.

"Kin gani? Bai saki ba."

Ya ɗauko batirinsa ya haɗa, ya ce ta tayar. Motar ta tashi, amma jar wutar tana nan. Ya ɗora 'yar fitilarsa ta gwaji a bayan altaneta, ta kawo haske tar.

"Tana ba da wuta, Rabi'atu. A hanya take ɓacewa kafin ta isa batir."

Ya kashe injin, ya shiga bin wayar da yatsunsa a hankali, har ya kai wani lungu da aka naɗe da sabon salatif. Yana warwarewa wayar ta rabu biyu a hannunsa.

"Wannan ba tsufa ba ne," ya ce a hankali. "Reza ce. An yanka an bar 'yan silalla, gargadar hanya ta ƙarasa su. A ina motar take kwana?"



"A ƙofar gidan... Yaya Sanda."

Nan take ta tuna yadda ya sha cewa mace ba ta riƙe mota, ta bar masa ita, ko kuwa ta yarda ya maye gurbin ƙaninsa.

Ta zauna a kan benci, hawaye na zuba.

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane, Malam. Da wane ido zan dube ka?"

Ya tsuguna a gabanta.

"Da kin yi shiru kin kai ta wani gareji, wannan ne zai kashe ni. Amma wurina kika zo, ko da faɗa ne. Share hawayenki, abar ƙaunata."

"Wallahi yau sai unguwa ta ji abin da ya yi."

"A'a. Baffan Kyauta ne, kada ki tozarta shi a titi. Ki kai wa mahaifiyarsa Inna wayar kawai."

Ya sa mata sabuwar waya, ta tayar, jar wutar ta ɗauke. Doyarta ta shiga kasuwa kafin la'asar.

Da yamma ta ajiye guntuwar wayar a gaban surukarta, ta kwashe labarin duka ta faɗa mata. Inna ta juya ta a hannu, ta sa aka kira Sanda. Ya fara rantse-rantse, tsohuwar ta kafe shi da ido har ya sunkuyar da kai.

"Da a kan gangara ta mutu mata fa?" Inna ta ce. "Na binne ɗa, so kake in binne uwar jikata?"

Sanda ya durƙusa yana neman gafara. Rabi'atu ta ce ta yafe.

Inna ta juyo gare ta.

"Shi Ndagin ne ya ce kada ki tona wa Sanda asiri?"

"Shi ne, Inna."

"To ki ce masa ya turo magabatansa. Ni ce uwarki a wannan aure."

Washegari da safe ta sami Ndagi ya cusa kai cikin injin wata tasi.

"Malam... Inna ta ce ka turo."

Ya ɗago da sauri har kansa ya bugi bonet. Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Sannu, masoyina. Na gode... na gode da ba ka yi fushi da ni ba."

Yana murza ƙeya yana murmushi, ya ce alhamdulillahi.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren, kuma Inna da kanta ta riƙo hannun amarya har ɗakinta.