Katakon da ke Cikin Bango

A kan tsani Ximena ta fara ganinsa, yana zare ƙusoshin da babanta ya kafa ɗaya bayan ɗaya daga bangon gidan tarihin garinmu. Sunansa Eliseo. Daga birnin Santiago aka turo shi ya sauya wa zanuka maratayi, ya sa irin mai kulle, wanda ba ya sakin hoto in ƙasa ta girgiza. Ita kuwa tikiti take sayarwa a ƙofa.

"Bawan Allah, a hankali," ta ce. "Shekara talatin ƙusar nan tana wurin."

"To ai ta gaji, a bar ta ta huta," ya ce.

Kafin wata biyu yana kiranta Tsuntsuwa saboda surutunta. Da zancen aure ya iso gida, babanta, Don Baldomero, ya dire kofin shayinsa.

"Wanda ya tsige aikina ya zuba a bokiti, ko gaisuwa babu? Ba da ni ba."

Ximena na son Eliseo ƙwarai, amma ta san ba za ta iya aure ba sai da yawun tsohon.

Wata Talata da hantsi ƙasa ta motsa, irin 'yar girgizar da ba ma ko tashi daga kujera dominta. Amma a babban zaure wani zanen masunta ya karkace, sukurori biyu na sabon maratayin sun fito da dunƙulen laka. Ginin tsoho ne, laka ce aka yaɓa a kan katako. Eliseo ya saba da siminti, sai ya ɗaura nasa a laka zalla.

Saƙonsa ya shigo wayarta: "Tsuntsuwata, na kwafsa. Maratayina lafiya lau, bangon ne ban sani ba. Baba yana gida?"

Ta mayar: "Yana nan. Zai wanke ka tas. Zo."

Ya zo, tsohon bai ko ba shi kujera ba.

"Baba, ban san inda katakon yake ba. Ka taimaka ka nuna mini."

"'Yan Santiago! Ku da injinku, ba ku tambayar kowa."

Ya yi faɗa son ransa, sannan ya ɗauki rigarsa. Kwana uku yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, yana kasa kunne, yana sa alama da alli, Eliseo na bin sa da sukurori. A rana ta uku ya jijjiga wani hoto da ƙarfi, hoton bai motsa ba.

"Abin nan naka ba laifi," ya ce.

A watan Nuwamba aka ɗaura auren. A gaban coci Don Baldomero ya sa hannun 'yarsa cikin na Eliseo.

"Na so in ƙi ka, yaro, ka hana ni. Ga ta nan. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Tsohon ya daɗe bai saki hannun Ximena ba.